Ita Ce ko Itace? Kurakuran Rubutu da Suka Ba Mu Kunya

 A wannan fitowar ba labarin ƙwallo muka kawo ba, ba kuma kacici-kacici ba. Laifinmu muka zo mu faɗa da bakinmu, sannan mu yi darasi a kansa.

Waɗanda suka karanta fitowar zangon da ya wuce za su tuna cewa wani ɗan'uwanmu na aji uku ya faɗi a filin ƙwallo ya karye a hannu. Mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida muka ga ya dace mu yi masa sannu a rubuce. Da zuciya ɗaya muka rubuta da manyan baƙaƙe cewa muna yi masa jaje saboda "kashinsa ya karye". Ƙashi muke nufi, amma mun manta da 'yar lanƙwasar da ke kan harafin farko. Abin da muka manna a bango sai ya zama wani abu daban, wanda ba a ambatonsa a gaban manya. Kafin a dawo daga tara, duk makaranta ta ɗauka. Da yaron ya warke ya dawo, wasu suka riƙa tsokanarsa da wannan magana, har ya daina bi ta gaban bangon nan. Mun je mun ba shi haƙuri, ya kuma haƙura. Amma har yau in muka tuna sai kunya ta kama mu. Alheri muka nufa, rubutunmu ya mayar da shi cin fuska.

Malaminmu na Hausa bai yi mana faɗa ba. Jan biro kawai ya ɗauko, ya bi mujallar layi-layi yana zagaye kurakurai. Da ya gama, takardun sun koma kamar an yanka kaza a kansu. Sai ya ce mana idan mutum yana magana, muryarsa da fuskarsa da hannunsa duk suna taya shi bayani, amma takarda ba ta da murya. Abin da ka rubuta shi mai karatu zai gani, ba abin da ke zuciyarka ba. Daga nan muka zauna muka kasa kurakuran kashi-kashi. Ga abin da muka koya.

Na Ɗaya: Baƙaƙe Masu Lanƙwasa

Hausa tana da baƙaƙe huɗu da babu su a Turanci: ɓ, ɗ, ƙ da 'y. Wasu suna ɗaukar lanƙwasar nan a matsayin ado. Ba ado ba ce. Harafin k da harafin ƙ daban suke, kamar yadda b da d suke daban. Ku duba waɗannan:

kura da ƙura
kasa da ƙasa
kusa da ƙusa
kaya da ƙaya
baki da baƙi
fada da faɗa
gada da gaɗa
bari da ɓari
yaya da 'ya'ya

Wanda ya rubuta "Kura ta cika ajinmu" ya kamata mu gudu, ba mu ɗauko tsintsiya ba. Wanda ya rubuta "Nijeriya kasa ce babba" ya mayar da ƙasarmu macijiya. Wanda ya ce "An yi fada a kasuwa" ya gina wa sarki gida a tsakiyar rumfuna. Wanda kuma ya rubuta "Malam yana da yaya biyar" ya ba shi yayye, alhali yaransa ake nufi.

Wani zai ce ai mai karatu zai gane. Wani lokaci yakan gane, wani lokaci kuwa ba ya ganewa. "Ya kara" da "ya ƙara", ko "ta saka" da "ta saƙa", duk suna iya shiga jimla ɗaya su zauna daram, ma'ana kuwa ta sauya. Mu da muke rubutu da biro ba mu da uzuri, domin lanƙwasa ba ta cin tawada. Masu waya ma suna iya saka allon rubutu na Hausa, baƙaƙen nan suna ciki.

Na Biyu: Haruffan da Ba Namu Ba

A abacadar Hausa babu p, babu q, babu v, babu x. Haka kuma ba a haɗa c da h. Saboda haka:

fita, ba pita ba
fensir, ba pensir ba
ciki, ba chiki ba
ƙasa, ba qasa ba
zan zo, ba xan xo ba

Wannan "xan xo" daga saƙon waya ya shigo, yanzu ga shi har cikin littafin insha'i. Abin da ya fi muni, wasu suna sa x a madadin z, wasu kuma suna sa shi a madadin ɗ. To idan ka ga "xan", zan ne ko ɗan ne? Kowa ya ƙirƙiro tasa abacadar, wa zai karanta wa wani?

Na Uku: Rabawa da Haɗewa

Nan ne jan biron Malam ya fi yin aiki. Ɗan filin da ake bari tsakanin kalma da kalma yana da aiki kamar harafi. A fitowar da ta wuce mun rubuta "Makarantarmu itace ta ɗaya a gasar muhawara". Wani mai barkwanci ya zana ɗaurin itace a ƙarƙashin jimlar da fensir. Gaskiyarsa, domin itace shi ake hura wuta da shi. "Ita ce" ya kamata mu rubuta. Ga 'yan'uwan wannan kuskure:

ya yi, ba yayi ba, domin yayi shi ne abin da ake yi na zamani
ta yi, ba tayi ba, domin tayi a kasuwa ake yin sa
ta ce, ba tace ba, domin koko ake tacewa
ka ji, ba kaji ba, domin kaji suna akurki
da shi, ba dashi ba, domin dashi aikin lambu ne
ba a, ba ba'a ba, domin ba'a zolaya ce
ta fi, ba tafi ba

Na ƙarshen nan yana da shaida babba. Jaridar nan ta Hausa da aka fara bugawa a Zariya a 1939, wadda Abubakar Imam ya yi wa edita, sunanta Gaskiya Ta Fi Kwabo. Da an haɗe "ta" da "fi", da ya zama ana korar gaskiya ne, ana cewa ta tafi wani gari wai shi Kwabo.

Ku kuma gwada waɗannan jimloli biyu: "Ya kama ta" da "Ya kamata". Haruffansu ɗaya ne, ba ragi ba ƙari. Fili kaɗai ya raba su. A ta farko an cafke wata, a ta biyu shawara ake bayarwa.

Ga ƙa'idojin a taƙaice, yadda muka kwafe su a littattafanmu.

Waɗanda ake rabawa:
Wakilin suna da aikatau: na zo, ka ci, ya yi, mun gani, sun tafi.
Aikatau da wakilin sunan da ke bin sa: ya gan shi, ta ba ni, mun kira su.
Ne da ce: shi ne, ita ce, Audu ne, gaskiya ce. Ku duba bangon littafin Magana Jari Ce, za ku ga "ce" tana zaune ita kaɗai.
Za: za ka, za ki, za ta, za mu, za ku, za su, za a. Zan da zai kaɗai ake haɗewa, saboda an gutsure su ne.
Ba ta korewa: ba ka zo ba, ba ta zo ba, ba mu zo ba. Ban da bai su ma a haɗe suke.

Waɗanda ake haɗewa:
Ina, kana, yana, tana, muna, kuna, suna, ana.
Nake, kake, yake, take, muke, suke, ake.
Muka, kuka, suka, aka.
Nakan, yakan, takan, mukan, sukan, akan.
Mini, maka, miki, masa, mata, mana, muku, musu.
Mallaka: littafina, jakarki, gidansu, makarantarmu.
Kowa, komai, ko'ina, koyaushe.

Akwai wurare biyu da suke ruɗa har da 'yan aji uku. Na farko, "akan" da "a kan". Idan al'ada ake nufi, a haɗe ne: "Akan share aji da safe." Idan bisa ake nufi, ko game da, a rabe ne: "Ajiye littafin a kan tebur." Na biyu, "gidansu" da "gidan su". Idan gidan nasu ne kawai, sai mu rubuta "Na je gidansu." Idan suna ya biyo baya, sai a raba: "Na je gidan su Audu."

Malam ya koya mana wata dabara. Idan kana shakka, gwada cusa wata 'yar kalma a tsakani. Za ka iya cewa "ya ɗan yi", ko "ta ma fi", ko "ita ɗin ce". Tunda wata kalma ta samu wurin zama a tsakani, ashe kalmomi biyu ne, sai a raba. Amma ba wanda zai ce "ya ɗan na zuwa", don haka "yana" kalma ɗaya ce. Dabarar ba ta aiki a kan "za mu" da 'yan'uwanta, waɗannan sai dai a haddace.

Na Huɗu: Namiji da Mace

A Hausa kowane suna ko dai namiji ne ko mace, ko da abin ba shi da rai. Namiji yana ɗaukar -n da ne, mace tana ɗaukar -r da ce. Jam'i kuwa kullum -n da ne yake ɗauka.

littafin Binta, sabo ne
motar Malam, sabuwa ce
motocin gari, sababbi ne

Saboda haka "makarantan mu", "ranan Juma'a", "rigan Musa" da "motan haya" duk kuskure ne a rubutu. Makarantarmu, ranar Juma'a, rigar Musa, motar haya, su ne daidai.

Yawancin sunayen da suka ƙare da a mata ne: riga, hula, rana, hanya, kasuwa. Amma kada mu sake jiki, akwai maza a cikinsu: gida, ruwa, nama, suna, zakara. Shi ya sa muke cewa ruwan sama, naman kaza, sunan yaro. Sunayen garuruwa da ƙasashe kuma mata ne, ko da wane harafi suka ƙare. Kano ta cika, Sakkwato ta yi zafi, Nijar ta yi iyaka da mu.

A nan sai mun yi hattara da wani abu. A wasu yankuna, kamar Zariya, mutane da yawa ba sa bambanta -n da -r a maganarsu ta yau da kullum. Wannan karin harshensu ne, ba jahilci ba ne, kuma ba abin dariya ba ne. Haka Basakkwace yake cewa "biyat" da "hwari" inda Bakano yake cewa "biyar" da "fari". Kowa ya yi magana da karin da ya tashi da shi. Amma idan aka zo rubutun makaranta, daidaitacciyar Hausa ake bi, domin ɗan Sakkwato da ɗan Zariya da ɗan Maraɗi su karanta takarda ɗaya su fahimci abu ɗaya.

Na Biyar: Kunne Yana Yaudara

Ba duk abin da kunne ya ji ake rubutawa ba. Idan muna sauri mukan ce "gidam Bala" ko "rigam Musa". A rubuce kuwa "gidan Bala" da "rigar Musa" ne. Amma a cikin kalma ɗaya, m ake sawa kafin b: tambaya, tumbi, lambu, ba tanbaya ko lanbu ba.

Baƙi mai nauyi sau biyu ake rubuta shi: hannu, kunne, sannu, littafi. Wanda ya rage ɗaya zai mayar da "babba" ya koma "baba". Sai kuma 'yar alamar nan da ke raba wasula biyu: sa'a, jama'a, ma'ana, addu'a. Ita ma harafi ce, ba a yar da ita. Kalmar da aka maimaita kuma karan ɗori ake sa mata: sannu-sannu, wasa-wasa, tafiye-tafiye.

Kada mu manta da babban baƙi a farkon jimla da farkon sunan mutum ko gari. Kada kuma mu manta da aya. Akwai wanda ya kawo mana labari shafi guda cur babu aya ko ɗaya. Wadda ta karanta mana shi a taron ƙungiya sai da numfashinta ya kusa ɗaukewa.

Na Shida: Kowace Kalma da Muhallinta

Wani kuskuren ba na harafi ba ne, na zaɓen kalma ne. Irin wannan ne ya fi ɓata wa kakanninmu rai.

Aro da rance. Aro shi ne ka karɓi abu ka yi amfani da shi ka mayar da shi ɗin, kamar biro ko keke ko tabarma. Rance kuwa shi ne abin da za ka kashe ko ka cinye ka biya da irinsa, kamar kuɗi ko hatsi. Saboda haka "ara mini biro", amma "ranta mini naira 100".

Fasa, karya, tsinka da yaga. Kwalba da tulu da ƙwai fasa su ake yi. Sanda da fensir karya su ake yi. Igiya da zare tsinka su ake yi. Takarda da riga kuwa yaga su ake yi. Wanda ya ce "na karya kwalba" ya nuna bai zauna da tsofaffi ba.

Ci da sha. Tuwo da nama da gyaɗa ci ake yi. Lemo da mangwaro da rake da kankana sha ake yi, haka ma magani.

Wanka, wanki da wanke-wanke. Jiki wanka, tufafi wanki, kwanoni wanke-wanke.

Saya da sayar, koya da koyar. "Na sayi goro" kuɗina ne ya fita. "Na sayar da goro" kuɗi ne ya shigo. Ɗalibi yana koyon karatu, malami yana koyar da shi. Ku lura kuma yadda ƙarshen aikatau yake sauyawa: ya sayi biro, ya saye shi, biron da ya saya. "Ya saya biro" ba Hausa ba ce.

Sai kuma Ingausa, wato cusa Turanci a tsakiyar Hausa ba gaira ba dalili. Kalmomin aro da suka riga suka zama namu, kamar mota, tebur, biro da asibiti, ba laifi ba ne. Laifin shi ne mu bar "amma" da "saboda" da "jibi" da "baɗi" muna da su, mu je mu ɗauko na wasu.

Wa Ya Kafa Waɗannan Ƙa'idoji?

Wata 'yar ajinmu ta yi wannan tambaya, kuma tambaya ce mai kyau. Tun kafin zuwan Turawa, Hausawa suna rubuta harshensu da ajami, wato da haruffan Larabci. Da boko ya shigo, kowa yana rubutawa yadda ya ga dama. Hanns Vischer, wanda ake yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, shi ne ya buɗe makarantar boko a Nassarawa ta Kano a 1909, kuma a 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko. A farko ɗigo ko waƙafi ake sa wa b da d da k don a nuna bambanci. A shekarun 1930, zamanin da Rupert East yake jagorantar aikin fassara da talifi a Zariya, aka koma amfani da baƙaƙe masu lanƙwasa. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955. Masana sun yi taro a Bamako a 1966, sun sake yin wani a Yamai a 1980 don a daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. Wani ɗan bambanci da ya rage shi ne mu muna rubuta 'y, a Nijar kuma suna rubuta ƴ.

Ashe ba Malam ne ya ƙirƙiro ƙa'idojin don ya rage mana maki ba. Mutane da yawa ne suka yi shekaru suna wahala a kansu. Wanda kuma yake shakkar wata kalma, akwai Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da aka buga a 2006, wanda yake bayanin Hausa da Hausa.

Abin da Muka Yanke

Da yawanmu mukan ce Hausa ai harshenmu ne, ba sai an karanta ba. Muna tsoron kuskure a Turanci don kada a yi mana dariya, amma a Hausa sai mu rubuta yadda muka ga dama. Shi ya sa za ka ga ɗalibi ya rubuta insha'i mai daɗi, amma makinsa ya zube saboda ƙa'idojin rubutu. 'Yan aji uku da jarrabawar kammala ƙaramar sakandare take gabansu, ku ne wannan magana ta fi shafa. Iya magana daban, iya rubutu daban.

Mu dai a ƙungiya mun ɗauki alkawari uku. Duk rubutun da za a manna a bangon nan sai mutum biyu sun karanta shi. Ɗaya zai karanta da ƙarfi, yana furta abin da ke kan takarda kawai, ba abin da yake zaton an nufa ba. Ɗayan kuma zai bi da yatsa yana duba lanƙwasa da fili da aya. Da mun yi haka a zangon da ya wuce, da ba mu ɓata wa ɗan'uwanmu rai ba.

Gwaji

Akwai kuskure 16 a cikin wannan ɗan labari. Ku nemo su:

"Jiya kanwata tayi aron naira dari a wajen kawar ta. Tace xata biya ranan Litinin, amma kudin sun bata a chikin kasuwa. Yanzu ba'a san inda zata samo suba."

Ku rubuta shi daidai a takarda, ku sa suna da aji, ku jefa a akwatin ƙungiya kafin ranar Alhamis. Waɗanda suka gano duka za mu rubuta sunayensu a fitowa ta gaba. Idan kuma wani ya ga kuskure a cikin wannan darasi namu, don Allah kada ya yi zane a ƙarƙashinsa. Ya zo ya faɗa mana, za mu gode, mu kuma gyara.

Malam, mun gode da jan biro.